Neman shawara: murafun gora sun ƙi zama a jikin gwangwani

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Gwale, kuma tun bara nake koya wa ɗalibaina ƙera kayan wasa da tarkacen da aka zubar, irin su gwangwanin madara, tsofaffin silifa da murafun gorar ruwa. A wannan zangon muna haɗa dokin hawan sallah, jikinsa na gwangwani, muna so mu jera murafu masu launi a matsayin kwalliyarsa.

Matsalar ita ce murafun sun ƙi mannuwa. Na gwada gam ɗin da masu gyaran takalmi suke amfani da shi, na kuma gwada wanda ake narkarwa da wuta, amma da zarar dokin ya sha ranar Kano ta kwana biyu, sai murafun su riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya, abin da yake karya wa yaran gwiwa ƙwarai. Na goge su da sanfefa, bai hana ba.

Ina gudun huda gwangwanin da ƙusa, domin bakin hudar yana yankar hannun yara. Don Allah, maƙera da masu sana'ar roba na Ƙofar Wambai, wace dabara kuke bi?