Ɗalibai su ba lakcara maki ta waya: yaya za a yi ba a zalunci kowa ba?

Sakataren Kwamiti, Gombe

Assalamu alaikum malamai. Wata tsangaya ce a nan Gombe take so ɗalibai su riƙa ba lakcarorinsu maki ta waya kowane zango, a haɗa da abin da Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, ke ajiyewa, kamar sau nawa malami ya shiga da yawan darasin da ya ɗora, sai a fitar da lamba guda a saka a fom ɗin APER, wato na auna aikin ma'aikaci na shekara-shekara. Ajujuwan kuwa ba ɗaya ba ne: kwas ɗin GST, wanda kowane ɗalibi ke ɗauka, ya haura ɗalibai 600, na aji huɗu bai wuce 25 ba. Wane lokaci ya dace a raba fom ɗin? Yaya za a hana mutum ɗaya cikewa sau biyar? Kuma lissafin Moodle abin dogaro ne?

Mai Kula da Inganci, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku fara ajiye batun lamba guda a gefe, don daga nan rigima take tashi.

Ɗalibi shaida ne a kan abin da idonsa ya gani. Ya san ko malam yana zuwa, ko yana cinye rabin awa kafin ya shigo, ko ya ba da jadawalin kwas a makon farko, ko ya dawo da takardun tes kafin jarrabawa, ko ana jin muryarsa daga bayan aji, ko sai ka sayi handawut sunanka zai shiga jerin masu makin CA, wato na tes da aikin gida. Amma bai san ko abin da ake koya masa ya tsufa da shekara goma ba. Don haka kada a tambaye shi "malam ya san fanninsa?". A yi tambaya 10 zuwa 12, kowace a kan abu guda, da ma'auni daga 1 zuwa 5, sai gurbi biyu na rubutu: me ya taimake ka, me ya kamata a gyara. Tambaya irin "yana zuwa a kan lokaci kuma yana bayani da kyau" guba ce, domin akwai mai zuwa da wuri ya yi ta karanto littafi, ɗalibi bai san wanne zai amsa ba.

Lokaci: zango mako 15 ne na lakca, to a raba tsakanin mako na 11 da na 13. Kafin nan ɗalibi bai ga tes ba, bayan nan kuma hankalinsa ya koma jarrabawa. Idan aka bari har sakamako ya fito, wanda ya faɗi kwas ya kwashi kari-oba fansa zai ɗauka. A ware minti 10 a cikin aji, malam ya fita, wani daga wani sashe ya tsaya. Malam kuma kada ya ga ko layi ɗaya sai Sanet, majalisar malaman jami'a, ta amince da sakamakon zangon. A faɗa wa ɗalibai wannan da baki, in ba haka ba kowa 5 zai danna don tsoro.

Wajen lissafi ne ake yawan yin ɓarna. A ɗauki aji mai mutum 20. Goma sun ba da 5, goma sun ba da 1, matsakaici ya zama 3. Wani ajin kowa ya ba da 3, shi ma 3. Na farko aji ne da ya rabu biyu, wataƙila malam da 'yan gaba kawai yake magana. Na biyu aji ne da ba yabo ba fallasa. Maganinsu daban. Saboda haka a nuna mutum nawa suka zaɓi kowace lamba, a kuma rubuta nawa suka cike daga cikin nawa. Amsa 40 daga aji mai 600 ba muryar aji ba ce, galibi ta masu jin haushi ce da 'yan gaban goshi. Ni dai idan ba a kai rabin aji ba, ba zan yarda a yanke hukunci da ita ba. Idan kuma amsoshin ba su kai 10 ba, kada a miƙa wa malam rubutun, zai gane masu shi.

Sannan a gwada tsara da tsara: mai GST da mai GST. Kwas ɗin da malamai uku suka raba, kowa da fom ɗinsa.

Ɗan Sashen Kwamfuta, Yelwa

Bari in ɗauki ɓangaren na'ura.

Google Forms yana da zaɓin amsa ɗaya ga mutum ɗaya, amma sai ɗalibi ya shiga da asusunsa na Google. Da zarar ya ga haka, ba zai yarda ba a san shi ba, ko da gaskiya ba a karɓar imel ɗin. Idan kuma aka bar shi a buɗe, kafin la'asar mahaɗin ya zaga rukunin WhatsApp, wanda bai taɓa zama a ajin ba ma ya cike. Hanya mai sauƙi: a buga lambobin sirri masu haruffa shida daidai yawan waɗanda suka yi rajistar kwas, a yanka su ƙanana, a zuba a kwali, kowa ya sa hannu ya zaro ɗaya. Lambar ba ta da alaƙa da lambar rajistarsa, kuma ya gani da idonsa. Wajen tacewa, duk lambar da ba ta cikin jerin a jefar, wadda ta fito sau biyu a ɗauki ta farko. Idan duk ɗalibai suna kan Moodle, sashensa na Feedback yana iya ɓoye suna ya kuma taƙaita amsa ɗaya. Inda sabis ba ya shiga ɗakin lakca, manhajar KoboCollect na karɓar amsa ba intanet; waya biyar ko shida su zaga, a tura daga baya.

Lissafin shiga Moodle kuwa, Malam, dannawa yake ƙirgawa, ba koyarwa ba. Malamin da ya yanka darasi ɗaya gida goma sha biyu zai fi wanda ya ɗora fayil guda mai kyau. Ta gefen ɗalibai ma haka: wakilin aji ya sauke PDF sau ɗaya, ya watsa ta WhatsApp da Xender, mutum 200 su karanta, na'ura ta rubuta mutum ɗaya. Kuma ranar da malamai suka san ana ƙirga shiga, za a ga mai shiga sau talatin a wuni.

Abin da ya cancanci dubawa shi ne ko kayan sun dace da aljihun ɗalibi. Bidiyon awa ɗaya a kan megabit 1 cikin daƙiƙa yana cin kusan MB 450. Sautin awa ɗaya a kan kilobit 32 bai kai MB 15 ba. Wanda ya ɗora sauti da hotunan allo ya fi kai wa ɗalibin da ke haya a Gwallameji ko Kashere, ko da a rahoto mai bidiyo ya fi ƙyalli.

A tes na kwamfuta ku lura: agogon yana kan saba ne, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tes ɗin. Wuta ta ɗauke a ɗakin, lokaci na ci gaba da tafiya. Idan aji ya faɗi warwas a ranar da janareta ya mutu, wannan na sashen ayyuka ne, kada ya hau kan malam. A riƙa rubuta irin waɗannan ranaku a littafi.

Hajiya Malama, Tudun Wada

Na yarda da ku, sai dai ina ganin an ba fom ɗin ɗalibai girman da bai kai ba. An daɗe da lura cewa mai sassaucin maki yakan samu yabo, mai tsauri a sha masa toka, kuma malama mace takan sha tsokaci a kan murya da shiga, abin da ba a yi wa namiji. A goge irin wannan kafin rahoto ya kai hannunta.

Abin da ya fi nuna aikin malami shi ne fayil ɗin kwas. A ciki a samu jadawalin mako-mako, takardar halarta, tambayoyin tes da na jarrabawa, tsarin ba da maki, da takardun amsa tara: uku daga sama, uku daga tsakiya, uku daga ƙasa. A ɗora tambayoyin a kan abin da CCMAS, kundin tsarin karatun jami'o'i wanda hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a 2022, ya ce ɗalibi ya iya bayan kwas ɗin. Idan kundi ya ce ya iya warware matsala, tambayoyi kuwa duk "kawo ma'anar kaza" ne, an ga giɓi ba tare da an tambayi ɗalibi ko ɗaya ba. Kwalejin ilimi ta duba kundin hukumarta NCCE, foliteknik na hukumarta NBTE.

Ga tambayoyin zaɓi akwai gwaji mai sauƙi. Cikin ɗalibai 100, ware 27 na sama da 27 na ƙasa. Idan 22 na sama sun ci tambaya, 9 na ƙasa suka ci, bambancinsu 13 a raba da 27 ya ba da 0.48, tambayar tana rarrabewa. Idan na ƙasa suka fi cinta, kusan kullum amsar da aka saka a na'ura ce ba daidai ba.

Sai shiga aji. Mutum biyu, ɗaya daga wajen sashen, a sanar da malam tun mako guda, a zauna da shi kafin nan ya faɗi abin da yake son cim ma. Kada a tura wanda suke neman kujera ɗaya, kada kuma a tura tsohon ɗalibinsa, don kunya ba za ta bar shi ya rubuta gaskiya ba.

Sakataren Kwamiti, Gombe

Allah ya saka da alheri. To Hajiya, idan shugaban tsangaya ya dage sai an kawo kaso fa?

Hajiya Malama, Tudun Wada

A ra'ayina, cikin makin koyarwa kaɗai: fayil ɗin kwas 40, shiga aji 30, ɗalibai 20, amfani da na'ura 10, shi ma a kan dacewar kaya ba yawan dannawa ba. Shekarar farko kada ya taɓa ƙarin girman kowa, a gwada fom ɗin tukuna. Ba kuma tsangaya ce za ta sauya ma'aunin APER ita kaɗai ba. Sai ya bi ta kwamitin naɗi da ƙarin girma, a kuma zauna da reshen ƙungiyar malamai tun kafin a buga lambobin sirrin nan. A bar wa malam gurbi a ƙasan rahoton ya rubuta nasa bayanin, ya sa hannu da kwanan wata.