Neman shawara: Tomb Raider na farko ya gagare ni, in haƙura ko in tsallaka?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan ƙwallo ne, in ba PES ba sai FIFA, ban saba da gem mai labari ba. Na sayi PS4 ta hannu, na tarar da Tomb Raider kala uku a ciki: I–III Remastered (wato na ɗaya zuwa na uku da aka sabunta), da na 2013, da Rise. Na ce bari in bi tsari in fara daga na ɗaya, kamar karatun allo. To gaskiya abin bai shige ni ba. An jefa ni cikin wani kogo a Peru, ba taswira, ba kibiyar da ke nuna hanya, ba mai yi min magana. Matar nan Lara da ake bugawa da ita kuma in na ce ta juya sai ta yi ta lissafi, in na ce ta yi tsalle sai ta faɗa rami. Jemagu da kyarketai ne kawai ke ɗebe min kewa. Tambayoyina: haka zai ci gaba har ƙarshe? In na tsallaka zuwa na 2013 zan rasa labari? Sannan ƙanina ɗan shekara 12 yana zama kusa da ni in ina bugawa, wanne ne ba zan ji kunya a gabansa ba?

Ogan Zoo Road:
Wa alaikumus salam. Mutumina, tsallaka kawai. Na 2013 sabon farawa ne, bai jingina da komai na baya ba. Lara tana yarinya, jirgin ruwansu ya tarwatse a tsibirin Yamatai kusa da Japan, daga nan ake ɗauko ta. Kafin ka gama minti goma ka manta da wayarka. Ka gama shi ka shiga Rise, labarinsu a jere yake.

Baban Walida:
Ƙanina, kar ka yi saurin bin maganar Oga. Labari dai ba za ka rasa ba, wannan gaskiyarsa ce. Amma abin da kake kira matsala shi ne gem ɗin kansa.

Na farkon nan a 1996 ya fito, kamfanin Core Design ne ya yi shi a garin Derby na Ingila, lokacin da hannun PlayStation ba shi da sandunan analog. Saboda haka aka gina duniyar gaba ɗaya da murabba'ai masu girma ɗaya, kowane taku da kowane tsallen Lara a aune yake. Ba sauri ake so ba, awo ake so. Ka shiga saiti ka mayar da shi tsohon tsarin sarrafawa, wanda suka kira Tank, domin sabon tsarin da aka ƙara a 2024 daɗin gudu kawai yake da shi, wajen tsalle yaudararka zai yi. Daga nan ka riƙe R1 ka taka zuwa bakin rami, muddin kana riƙe da shi ba za ta faɗa ba. In ta tsaya cak, saki R1, taɓa maɓallin ƙasa sau ɗaya ta yi ɗan tsalle baya, sannan ka danna gaba da maɓallin tsalle ka riƙe. Ita da kanta za ta tashi a daidai baki. In da nisa, ka riƙe X tana sama, za ta cafke gefen can. Wannan kaɗai ya raba ka da rabin mutuwar da kake yi. Akwai kuma gidan Lara a shafin farko na gem ɗin, can take koya maka duk wannan da bakinta. Yawancin masu zagin na farko ba su taɓa leƙa gidan ba.

Kogon da kake ciki kuma shi ne mafi rashin armashi a duk gem ɗin. Ka daure zuwa mataki na uku, Lost Valley. Ba zan faɗa maka abin da zai fito daga duhu ba, amma lokacin da muke yara a gidan gem, duk wanda ya fara ganinsa sai ya yar da hannun. Bayan Peru akwai Girka, akwai wani dogon gini da ake kira St. Francis' Folly, kana sama kana hango ƙasa can nesa, ɗakuna huɗu kowanne da irin tarkonsa. Shirun da ya dame ka, a nan za ka gane amfaninsa. Kiɗa ba ya tashi sai da dalili, in kuwa ya tashi gabanka sai ya faɗi.

Ogan Zoo Road:
Baba, mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, wutar ma awa nawa ake samu, ka ce ya zauna yana auna taku?

Injiniya Hotoro:
Maganar wuta ita ce ya kamata a fara yi. Remastered ɗin yana barinka ka yi sebin a ko'ina, ba kamar na PS1 ba da sai ka sami wani shuɗin lu'ulu'u, amma kai ne za ka riƙa tunawa ka yi. In ka shagala aka ɗauke wuta, aikin ya tafi. Na 2013 da Rise su suke ajiye maka da kansu a kai a kai. In a unguwarku wutar wasa take da hankali kuma ba ka da inbata, wannan ma abin dubawa ne. Wani abu kuma: maɓalli ɗaya ne ke sauya hoto daga sabo zuwa tsoho nan take. In wuri ya yi maka duhu ko ka kasa ganin makulli a ƙasa, koma tsohon hoton, sau da yawa ya fi haske.

'Yar Gwale:
Ba wanda ya taɓa tambayarsa ta uku, alhali ita ce mai nauyi. Yaya, na 2013 ba na yaro ɗan 12 ba ne. Tambarin shekara 18 ne a jikinsa, kuma ba a banza aka sa ba. Tun farkonsa za ka gan ta rataye kai ƙasa a kogo cikin gawarwaki, ta faɗo kan ƙarfe ya huda mata ciki. In ka kuskure maɓalli a wasu wurare, irin mutuwar da ake nuna maka sai ka kau da kai. Ni abin da na fara ji da shi ke nan, na ce wannan ai azabtar da yarinyar mutane ake yi. Daga baya ya yi daɗi, musamman da ta saba da kwari da baka, amma ga wani abin dariya: ta kashe mutum na farko tana kuka tana rawar jiki, ba a jima ba ta koma share runduna ita kaɗai. Kaburburan da sunan gem ɗin ke nufi kuwa 'yan ƙanana ne, a gefen hanya, in ka ga dama ka shiga.

Rise ya gyara wannan. Yana buɗewa da hawan dutsen ƙanƙara a Saberiya, ya leƙa Siriya, ya dawo neman ɓataccen birnin Kitezh. Kaburburansa manya ne, sai ka zauna ka yi tunanin ruwa da igiya da nauyi. A cikin sababbin ukun, wato na 2013 da Rise da Shadow, shi na fi so, nesa ba kusa ba. Shi ma dai na 18 ne.

Batun jin kunya kuma, mu faɗi gaskiya, a tsofaffin wasannin, gajeren wando take sawa a wurare da yawa, an kuma zana ta yadda kowa ya sani. A Rise yawanci cikin rigunan sanyi take. Wato tsoho ya fi sauƙin jini, sabo ya fi sutura. Kai ka san gidanku.

Ɗan Kurna:
Ikon Allah. Ashe kowanne da inda ya gaza. To babu na tsakiya?

Malam Na Kabuga:
Akwai, kuma mamaki nake har yanzu ba a ambace shi ba. Jerin nan hawa uku ne. Na Core Design guda shida, daga 1996 zuwa Angel of Darkness na 2003, wanda ya fito da kurakurai har aka karɓe aikin daga hannunsu aka ba Crystal Dynamics ta Amurka. Su kuma suka yi Legend a 2006, Anniversary a 2007, Underworld a 2008. Sai sababbin ukun: 2013, Rise a 2015, Shadow a 2018.

Wanda ya fito daga ƙwallo, ni Legend nake miƙa masa. Tana motsi yadda hannunka ya saba, gajere ne, akwai abokan aikinta biyu da ke mata surutu a kunne, ba za ka ji kaɗaicin da kake kuka da shi ba. Yana farawa a Bolibiya, har Ghana ake zuwa, wani tsohon gini da ke ɓoye a bayan ruwa mai gangarowa daga dutse. Wurin nan ya tsaya min a rai, ko don ba kasafai ake ganin Afirka ta Yamma a irin waɗannan wasanni ba. Anniversary kuwa shi ne na ɗayan da ya gagare ka, aka sake gina shi da tsarin Legend: Peru ɗin, Girka ɗin, Masar ɗin. Dukansu biyun sun fito a PS2 da PSP da kwamfuta, ko tsohuwar laftof tana iya ɗaukarsu. Ƙaninka ma zai iya kallon waɗannan, jininsu kaɗan ne, sai dai maganar suturar da ƙanwarmu ta yi tana nan.

Baban Walida:
Malam, Anniversary yana da kyau, amma sun rage girman wurare da dama, abin Lost Valley ɗin ma sun mayar da shi fim. Ban yarda a ce ya maye gurbin na asali ba.

Abu ɗaya zan roƙe ka Ɗan Kurna: ko da wasa kar ka ce bari ka gwada na uku tun da na ɗaya ya ƙi. Na 1998 ɗin nan mugu ne. Matakin farko a dajin Indiya, gangara ce mai ƙayoyi, ga laka mai haɗiye mutum. Na biyu ya fi shi tausayi, daga Babbar Ganuwar Sin zuwa Venice da kwalekwale mai inji, sai dai harbin mutane ya yi yawa a ciki.

Malam Na Kabuga:
Na ukun yana da wani abin ma. Yadda aka nuna mutanen tsibiran kudancin Pasifik a matsayin masu cin naman mutane, shi da ire-irensa suka sa Crystal Dynamics ta rubuta gargaɗi a farkon Remastered ɗin, cewa akwai wariyar launin fata a yadda aka zana wasu al'ummu, kuma sun bar shi ba su goge ba. In yaro yana kallo, wannan abin a yi masa bayani ne. Haka ita sana'ar Lara. Baturiya ce 'yar masu kuɗi tana shiga ƙasashen mutane tana kwashe kayan kakanninsu. Mu da aka yi ta haƙe gumakan Nok ana fitar da su, aka kwashe tagullar Benin a 1897, bai kamata abin ya wuce mu ba tare da mun lura ba. Shadow ya ɗan taɓo wannan: ta ɗauke wata wuƙa a Meziko, ambaliya ta cinye garin.

Ogan Zoo Road:
Malam ya mayar da mu aji. Ni dai Shadow barci ya sa ni, yawo a birnin Paititi na cikin gem ɗin ya yi yawa, faɗa kaɗan.

'Yar Gwale:
Abin da ya sa ka barci shi wasu ke nema. A Shadow kana iya saita wahalar faɗa daban, ta bincike daban, ta wasan ƙwaƙwalwa daban, har farin fentin da ke nuna inda za ka kama ana iya kashe shi.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan yi: zan shiga gidan Lara in koyi tsallen nan na Baba, in ba na ɗaya dama zuwa Lost Valley. In bai kama ni ba, na 2013 da daddare bayan yaron ya kwanta. Legend kuma zan nema mana mu biyu. Shadow fa, in saya yanzu?

Injiniya Hotoro:
A'a, bari sai ka gama Rise, ci gabansa ne kai tsaye. In lokacin ya yi ka duba Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ana samun faifansa na hannu. Ka sa a saka shi a na'ura a gabanka, ka ga ya gama lodi kafin ka biya.