Me za mu kira Slide Master da Hausa?

1/ Jama'a, kalma guda nake nema, musamman daga masu koyar da kwamfuta da Hausa. A PowerPoint akwai wurin da ake kira Slide Master. Duk cikin dabarun rage wahala wajen tsara bayanin da za a haska a allo babu wadda ta kai shi, amma idan aka zo koyar da shi sai ka ji ana ta "abin nan, wurin nan". Ina da shawara, amma bari in fara da aikin da yake yi.

2/ A ce ka shirya bayani mai fallaye 40, sai aka ce ka sa tambarin ma'aikata a kusurwar kowanne, ka kuma canza launin kanu. Wanda bai san wurin ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kwafa yana liƙawa, kuma da wuya tambarin ya zauna a wuri guda a dukkansu: nan ya ɗan hau, can ya ɗan karkace. Wanda ya sani zai shiga View, ya danna Slide Master, ya ɗora tambarin sau ɗaya a kan babban fallen da ke can sama a hagu, ya rufe. Duka 40 sun ɗauka. Akwai ma hanyar yanke: ka riƙe Shift, ka danna ɗan hoton Normal da ke ƙasan allo, sai ga ka a ciki.

3/ Kun ga na riga na ce "falle" ba tare da neman izini ba. Mafi yawanmu "silaid" muke cewa, kuma ba na faɗa da mai faɗar haka. Wasu kuma sun ce "shafi". Damuwata da shafi ita ce an yi masa lodi: shafin littafi, shafin intanet, shafin Facebook. Ka ce wa ɗalibi "koma shafinka", sai ya ɗauko waya.

Falle kuwa takarda ce guda da ke tsaye ita kaɗai, kuma tarihin manhajar ma yana bayansa. PowerPoint ta fito a 1987 daga kamfanin Forethought, aikin Robert Gaskins da Dennis Austin, a kan kwamfutar Macintosh, baƙi da fari. Abin da aka fara yi da ita shi ne buga rubutu a kan fallayen leda masu garau waɗanda ake ɗorawa a kan majigi. A shekarar ne Microsoft ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 14. Wato da falle na gaske aka fara, kafin ya koma hoto a allo.

4/ To, sai rabi na biyu na sunan, wato Master. Shawarwarin da suka fara zuwa su ne "ubangidan falle", "shugaban falle" da "jagoran falle". Duk ukun sun ɗauki master a matsayin mai ba da umarni. Ba wannan ma'anar ce a nan ba. Ita ce ta masu ɗaukar sauti da masu ɗab'i: ainihin kwafin farko wanda daga shi ake fitar da saura. Su kansu masu manhajojin ba su riƙe kalmar da ƙarfi ba, domin a 2021 Google ya cire ta daga Google Slides ya koma kiran wurin Theme builder. Ban ga dalilin da za mu ɗauko fassarar kalmar da wasu daga masu ita suka ajiye ba.

5/ Shawarata: uwar fallaye.

Hausa ta daɗe tana kiran abin da saura ke fitowa daga gare shi da uwa. Muna da uwar kuɗi, wadda riba ke fitowa daga jikinta. Muna da uwar ƙungiya da rassanta, da uwar jam'iyya. Babu wanda ke buƙatar a yi masa bayanin waɗannan. Kuma ginin wurin haka yake: uwa a sama, ƙarƙashinta an jera ƙananan zubi, wato tsare-tsaren falle da ake kira Layout, guda 11 a sabon fayil ɗin da ba a taɓa ba, wani na kanu kaɗai, wani na kanu da bayani, wani mai gida biyu don kwatanta abubuwa, wani fanko. Kowane falle da ka buɗe yana hawa kan ɗaya daga cikinsu. Abin da ka gyara a uwa yana gangarowa ga kowa. Abin da ka gyara a zubi guda kuwa, fallayen da ke kansa kaɗai yake shafa. Masu koyo da yawa a nan suke ruɗewa, su sa tambari a zubi, su fito su tarar rabin fallayen babu shi.

6/ Wata malama ta rubuto cewa ta fi son "tushe", domin uwa tana haihuwa ne ɗa ya kama gabansa, alhali nan igiyar ba ta yankewa: ko bayan ka gama aiki ka koma ka canza, fallayen za su canza. Malama, maganarki tana kan hanya, kuma na daɗe ina juya ta. Abin da ya hana ni bin ki shi ne na gwada kalmomin biyu a cikin jimlolin da mai koyarwa zai faɗa a aji. "Wannan fallen ya daina bin uwarsa." "Mayar da shi kan uwarsa." Da tushe sai jimlar ta yi tauri, kuma mun riga mun ba tushe aikin nuna inda labari ko bayani ya samo asali.

Wannan "daina bi" ɗin ba wasa ba ne, shi ne ciwon da ke sa mutane su ce wurin ba ya aiki. Idan ka canza launi ko girman rubutu da hannu a kan falle guda, wannan canjin ya rinjayi na uwa, duk abin da ka yi a sama ba zai taɓa shi ba. Maganinsa maɓallin Reset da ke ƙarƙashin Home. Haka kuma idan ka goge gurbin da zubi ya tanadar ka zana naka akwatin rubutun, ba ruwansa da matsayi ko girman da aka tsara a sama. A rubuta a cikin gurbi. Ita wannan kalmar ta gurbi ma ina ganin babu mai jayayya da ita.

7/ Wani ɗan'uwa ya ce "samfuri". Yallaɓai, wannan na da mai shi. Samfuri shi ne fayil ɗin da aka adana dungurungum don a riƙa fara sabon aiki da shi, kuma a cikinsa uwar fallaye take zaune. Idan muka ba su suna guda, ranar da za a koyar da adana ɗaya a cikin ɗayan za mu rasa bakin magana.

8/ Akwai aibi guda da ba zan ɓoye ba, kuma na san wasunku sun riga sun fara dariya. A aji mai matasa, malamin da ya yi suɓul da baka ya ce "kowa ya buɗe uwarsa" ya rasa ajin na wannan rana. Don haka a riƙa faɗin sunan a cike, uwar fallaye, kada a liƙa wa kalmar wakilin sunan mutum. Uwar kuɗi ma da wannan sharaɗin take zaune lafiya a bakinmu.

9/ Sauran hanyoyin yanke ba su da rigimar suna, haddacewa kawai suke so: Ctrl da M na buɗe sabon falle, Ctrl da D na yi wa falle ko hoto kwafi nan take, Ctrl da G na ɗaure abubuwa su zama guda, F4 na maimaita abin da ka yi na ƙarshe, Shift da F5 na fara haskawa daga fallen da kake kai.

10/ Wadda ta gagare ni ita ce theme. Wasu na fassara ta da "jigo", amma a nan ba a nufin abin da bayanin ya ƙunsa, launuka ne da irin rubutu da 'yan ƙawa. "Ado" ya yi kusa, "kwalliya" kamar ta yi nisa. Wa ke da wadda ta fi su?