Neman shawara: magungunan Hajiyarmu sun yi yawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyata shekarunta 68, muna Tudun Wada a nan Gombe. Tana da hawan jini da ciwon suga, likita ya ɗora ta a kan amlodipine na hawan jini da metformin na suga. Da ta je Umra, Yayanmu ya sayo mata wani a Makka, an rubuta Norvasc a kwalin, ta haɗa da na gida tana sha. Ga diclofenac na ciwon gwiwa da take aiken jikanta kemis. Jiya na buɗe robar da take zuba su, wasu duk an ɓare su, fari da fari, ba a gane wanne ne wanne. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, in ta miƙe daga sallaya sai jiri. Don Allah me zan yi?

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Norvasc ai amlodipine ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. Kenan ninki biyu Hajiya take sha, kuma kumburin ƙafa da jiri duk yana jawo su. Ki ɗauke ɗaya yau, amma kada a daina maganin hawan jinin gaba ɗaya. Diclofenac ɗin ya fi tayar mini da hankali: yana ɗaga jini, yana taɓa ƙoda, balle ga mai suga, yana kuma kawo gyambon ciki. Gobe ki zuba komai a leda ɗaya, har na gargajiya in akwai, ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki roƙi a duba ƙodarta.

Wata 'yar'uwa daga Ingila: Allah ya ba Hajiya lafiya. A nan tun 2015 ba a sayar da ƙwayar diclofenac sai da takardar likita. Kuma lokaci-lokaci ana zama da dattijo a bi magungunansa ɗaya bayan ɗaya, a cire wanda bai da amfani.

Wata uwa: 'Yata, ki bi ta a hankali. Tsaraba ce daga Makka, daga hannun ɗanta, ba za ta yarda a ce ita ke cutar da ita ba. Ki sa Yayan naku ya kira ta da bakinsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama, na kira shi, ya ce bayan Isha'i zai yi mata magana. Ledar ma na haɗa.