Zara ba tauraruwa ba ce: wace kalma za mu ba wa "planet"?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Abin da ya sa na tayar da wannan magana shi ne, ran nan bayan sallar magariba muna tsaye kusa da hasumiyar Gobarau, ɗan ƙanena ya nuna mini Zara tana ƙyalli a yamma, ya ce malaminsu ya gaya musu ba tauraruwa ba ce, to mece ce? Na buɗe baki zan amsa, sai na tarar ba ni da kalmar Hausa guda ɗaya da zan ba shi a madadin "planet" ta Turanci, shi ya sa na kawo muku tambayar.

Malamin nasu gaskiya ya faɗa. Tauraro shi ke samar da haskensa da kansa, kamar yadda rana take yi, domin ita ma tauraruwa ce. Zara kuwa hasken rana ne yake dukanta ya dawo mana, kuma tana kewaye ranar cikin kwana 225, yayin da duniyarmu take ɗaukar kwana 365, Mirrihu (Mars) 687, Mushtari (Jupiter) kusan shekara 12. Duk wanda ya ƙura mata ido zai lura haskenta a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa irin na kaza da 'ya'yanta.

Da yawa daga cikinku sun ce a ci gaba da amfani da "duniya", tunda kunne ya saba da "duniyar Mars" a rediyo. Ban raina wannan ba, amma ban gamsu ba. A bakin Bahaushe duniya gidan mutane ce, kishiyar lahira, inda ake noma ake ciniki ake mutuwa. Idan aka ce duniyar Mushtari, mai sauraro zai ɗauka akwai ƙasar takawa da masu takawar, alhali dunƙulen iskar gas ne wanda ba shi da doron da za a sauka. Zara kuma zafin doronta ya haura digiri 450 a ma'aunin Celsius, ya isa ya narkar da dalma. Sannan ga "duniyar wata" da ake faɗa, alhali wata mu yake kewayewa, wato kalmar ta riga ta cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata ɗalibi ya rarrabe.

Wata malama ta kawo "tauraro mai yawo", wanda ya dace da asalin kalmar "planet" a Girkanci, amma ya mayar da mu gidan jiya, tunda tauraron ne muke son cirewa.

Shawarar da ta kwanta mini a rai ta zo ne daga wani dattijo, malamin zaure a Daura, wanda ya ce mu ɗauki "kaukab" mu ba ta rigar Hausa: kaukabi, jam'i kaukabai. Duk wanda ya yi karatun allo ya ratsa ta a Suratu Yusuf, kuma Larabawan yau da ita suke kiran waɗannan halittu, su bar "najmu" ga taurari. An yi masa ƙorafi cewa a tsohon Larabci ma'anarta ta haɗa har da taurari. Haka ne, sai dai Hausa ta saba taƙaita abin da ta ara: "hadisi" kowace magana ce a wurin Balarabe, a wurinmu kuwa ta Manzon Allah ce kaɗai, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Na gwada ta a jimla kuma ta zauna daram: rana tana da kaukabai takwas, an gano kaukabin Yuranus a 1781, Naftun a 1846. Har Fuluto, wanda taron masana taurari na duniya ya sauke daga sahun a 2006, ya sami gurbinsa, sai mu ce masa wadan kaukabi. Ina roƙon malaman firamare da na sakandare da ke tare da mu su gwada ta a aji wannan zangon, su dawo su gaya mana yadda bakin yara ya karɓe ta.