Yara sun kasa gane aro a lissafin ɗebewa

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. 'Yan aji biyu in aka ba su 32 − 7 sai su rubuta 35. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. 2 suke cirewa daga 7, don sun saba ƙarami ake ɗebewa daga babba. Ki ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma da zare. Ajiye ɗauri 3 da tsinke 2, ki ce su cire 7. Dole su kwance ɗauri ɗaya, tsinke ya zama 12. Saura ɗauri 2 da tsinke 5, wato 25.

Amsa: Yaron ne zai kwance da hannunsa, kada ki yi masa. Yana kwancewa a soke 3 a allo a sa 2. In aka jinkirta rubutun, ba ya haɗa shi da tsinken.

Amsa: A kakkarya tsinin tukuna, saboda idon yara.