Ƙera suka yi ko haɗawa? Musun tauraron ɗaliban Kano

Abba Gwale: Salamu alaikum jama'a. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙanena da abokan karatunsa a sashen injiniyan lantarki sun shafe wata da watanni suna ƙera ƙaramin tauraron ɗan adam, irin wanda ake kira CubeSat, santimita 10 kowane gefe, nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Kuɗin aljihunsu suke zubawa, makaranta ba ta ba su ko sisi ba. Na ɗora hotonsu a Facebook, ko kallo bai ishi mutane ba. Amma a sa bikin 'yar fim, kafin la'asar ya zaga Kano. Wai mu me muke so ne?

Maman Hanan: Masha Allah! Allah ya yi musu jagora, ya kare su daga bakin duniya.

Injiniya Sadiku: Wa alaikumus salam. Allah ya taimaka. Amma Abba, cire kalmar nan "ƙera". Batirin sayowa aka yi, allon hasken rana sayowa aka yi, 'yar kwamfutar da ke ciki ma a intanet ake odarta daga China. Haɗawa suka yi.

Abba Gwale: Haba Injiniya. Duk abin da na rubuta, wannan kaɗai ka gani?

Injiniya Sadiku: Shi ne ciwon ai. A 2003 aka cika mana kunne da NigeriaSat-1, tauraron ɗan adam na farko na Najeriya, alhali kamfanin Surrey ne ya yi shi a Ingila, aka harba shi daga Rasha. NigComSat-1 kuma China ce ta yi a 2007, bai cika shekara biyu ba ya mutu a 2008, sai da aka sake harba wani a 2011. Kullum muna sayen abu mu sa masa sunanmu. Ba na so yaranmu su taso da wannan ɗabi'ar.

Nura Kurna: Ka tsallake NigeriaSat-X, Yallaɓai. Injiniyoyinmu ne suka yi shi da hannunsu, aka harba a 2011.

Injiniya Sadiku: A ɗakin aikin Surrey, da kayan Surrey, Bature yana tsaye a kansu.

Ɗanlami Mai Waya: Ni dai tsaya Injiniya. Yadda kake faɗin "haɗawa" kamar wasan yara ne. Zo kasuwar waya ta Farm Centre ka zauna a teburina, in ba ka wayar da ta faɗa ruwa ka tashe ta mu gani. Mu da ba mu da digiri mu ne muke gyara muku abin da kuka kasa.

Injiniya Sadiku: Ɗanlami, wa ya ambaci sana'arka?

Ɗanlami Mai Waya: Ba sai ka ambata ba. Mun san irin kallon da kuke mana.

Baba Isa: Ku saurara yara. Ni gidan maƙera na fito. Mahaifina ya yi garma, ya yi lauje, ya yi fartanya, kuma bai taɓa haƙo tama da hannunsa ba. Tsohon ƙarfen mota yake saya. Babu wanda ya taɓa ce masa ba ƙira yake ba. Wanda ya san inda kowane abu zai zauna, ya auna, ya gwada, ya ɓata, ya sake, to ya ƙera.

Injiniya Sadiku: Ranka ya daɗe Baba, maƙeri wuta yake sa wa ƙarfe ya sauya masa siffa. Su waɗannan ɗaure sukurori suke.

Nura Kurna: Kai ka taɓa rubuta manhajar da za ta riƙe batiri da rai a inda abu yake shiga rana ya fita inuwa kowane minti 90? Can sama ba makanike. In waya ɗaya ta saki, shi ke nan. Sukurori fa ka ce!

Zainab: Ni abin da ya ba ni haushi daban ne. Jami'ar fasaha ta tarayya da ke Akure ta shiga shirin Birds na ƙananan taurarin ɗalibai tare da cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, a 2017 aka kai NigeriaEduSat-1 tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka sake shi daga can. Ghana ma a tafiyar nan ta samu nata na farko. Su suna aiki, mu muna nan muna rabon kalma.

Musbahu: To an fara. Komai sai an ce Kudu ta fi mu. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ce ta tsaya musu ai, kuɗin gwamnatin tarayya ne, har da harajinmu.

Zainab: Yaya Musbahu, wa ya hana mu nema?

Musbahu: Ki tambayi waɗanda suke rabon.

Sani Jar Hula: Gaskiya ɗaya ce. Yaran da aka tura karatu ƙasashen waje zamanin Kwankwaso, su ne suke koyarwa yanzu a manyan makarantunmu. Irin wannan aikin daga nan ya samo tushe.

Musbahu: Ka ga irinta ko? Ko ruwan sama aka yi sai kun ce aikinku ne. Ka san malamin yaran nan ne?

Sani Jar Hula: Ba sai na san shi ba.

Nura Kurna: Ku bar wannan. Tun kafin a haife ku Zariya take yaye injiniyoyi. Duk malamin kirki in ka bi salsalarsa ABU za ka tarar.

Zainab: Mu 'yan BUK a bola aka tsinto mu ke nan?

Abba Gwale: Don Allah jama'a! Abin da yaran nan suke nema shi ne wurin gwaji. Sai an jijjiga na'urar an ga za ta jure girgizar roka, an sa ta cikin zafi da sanyi inda babu iska. Kuma suna buƙatar eriya a ƙasa da za ta karɓi saƙonta. Akwai wanda ya san hanya?

Injiniya Sadiku: Ka ga? Ko gwaji ba a yi ba. Abin da bai tashi ba ma ai ba a kira shi tauraro ba tukuna.

Ɗanlami Mai Waya: Hassada dai ga mai rabo taki ce.

Injiniya Sadiku: Ni zan yi wa ɗalibi hassada? Ka janye maganar nan.

Malam Habu (shugaban zaure): Ya isa haka. Na karanta komai daga farko. Abin da ya fito fili shi ne yaran nan ƙira suka yi, kamar yadda Baba Isa ya yi bayani, kuma babu wanda ya iya kawo hujja a kansa. Mafi yawan 'yan zaure sun tafi a kan haka. An kuma tabbatar cewa tura ɗalibai waje ya yi wa Kano rana. Masu rage wa yara ƙarfin gwiwa su ji tsoron Allah. Maganar Zariya da Akure ba ta shafe mu ba.

Musbahu: Malam, wa ya tabbatar? Sani ne kaɗai ya faɗa.

Injiniya Sadiku: Ni ma na ba Baba amsa, tana nan a sama. A koma a duba.

Malam Habu (shugaban zaure): An rufe zaure sai bayan isha'i. Duk wanda ya sake tayar da maganar zan cire shi.